Tauraron Shi'ira: Haskensa, Girmansa da Ajinsa a Ilimin Falaki

A dararen Janairu da Fabrairu, idan hazo ya lafa, mai duban sama daga fadamun Kirikasamma zai hangi wani farin tauraro ta kudu, wanda kan kai tsayin kimanin digiri 60 tsakanin lisha da tsakar dare. Shi ne Shi'ira, wanda aka ambata a aya ta 49 ta Suratun Najmi, Turawa kuma suke kira Sirius.

Masana falaki sun ce babu tauraron dare da ya kai shi haske. Bahaushe na iya musanta haka, domin Zara da Gamzaki sun fi shi. Saɓanin daga kalmar "tauraro" ya taso, wadda a Hausa ta haɗa duk mai ƙyalli a sama. Zara da Gamzaki kuwa abu guda ne, wato duniyar Zuhura, haskenta kuma aro ne daga rana. Rashin rarrabe wannan yakan gurgunta fassarar darussan kimiyya.

A ma'aunin hasken ganin ido, wanda Norman Pogson ya daidaita a 1856, ƙanƙantar lamba ita ce yawan haske. Shi'ira yana da -1.46, Suhailu da ke can ƙasa da shi ta kudu yana bi masa da -0.74. Sai dai fifikon nan na kusanci ne. Hasken Shi'ira shekara 8.6 yake yi kafin ya iso duniya, na Suhailu kuwa kimanin shekara 310. A haƙiƙa Shi'ira ya ninka rana sau 25 a haske, Suhailu kuma sau dubu goma. Faɗin Shi'ira bai kai ninki biyu na rana ba, nauyinsa ne ya ɗan haura ninki biyu. Ke nan mai kiran sa "babban tauraro" ido ya bi, ba awo ba.

Dangane da aji, tsarin Harvard da Annie Jump Cannon ta tsara ya jera taurari bisa zafinsu: O, B, A, F, G, K, M. Shi'ira yana ajin A, zafin samansa ya kusa digiri 10,000, shi ya sa yake fari fat, rana kuwa tana ajin G.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Friedrich Bessel ya gano a 1844 cewa wani abu yana jan sa, Alvan Graham Clark kuma ya ga abin a 1862: ƙaramin tauraro mai girman duniyarmu amma da nauyin rana, suna kewaya juna duk shekara 50.