Kyanwa Ma Takan Kamu da Sankara

Kyanwar da ta haura shekara 10 ta tsufa, lokacin da cututtuka kan kunno kai ke nan. Idan ka shafa cikinta ka ji ƙullutu mai tauri kusa da nono, kada ka yi jinkiri, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarin nonon kyanwa sankara ne, kuma yakan bazu zuwa huhu.

Mazauna Basawa da Samaru sun yi dace, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello kusa da su. Cire ƙarin tun yana ƙarami kan tsawaita rayuwarta. Amma kada tausayi ya sa ka ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya hallaka ta.