Masu Farautar Agogon Reluwe a Tsofaffin Shagunan Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka da layin dogo ya ratsa, musamman a jihohin Ohio, Pennsylvania da Illinois, har yanzu akan tarar da shagon kayan ado da ya kai jika na uku ko na huɗu a hannun gida ɗaya. A gaba ana sayar da zoben aure da sarƙoƙi, amma a can ƙurya akwai tsohon teburin mai gyaran agogo da aljihunan tebur cike da kayan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Irin waɗannan shaguna ne wasu mutane ke bi gari gari suna nema. Akasarinsu dattawa ne, da yawa 'ya'ya ne ko jikokin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma abu ɗaya ke kai su: agogon aljihu na reluwe. Wanda bai san asalin abin ba zai ɗauka kwaɗayin tsohon kaya ne kawai. A gaskiya al'ada ce da ta tsiro daga wata al'adar da ta riga ta, ta ma'aikatan da rayukan fasinjoji suka dogara ga agogon da ke aljihunsu.

A ƙarni na 19 yawancin layukan dogo na Amurka ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Abin da ke hana su karo shi ne jadawali: jirgi kaza zai ratse gefe a tasha kaza da ƙarfe kaza, ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Sai dai kowane gari yana da nasa lokacin, gwargwadon tsayuwar rana a kansa, har sai ranar 18 ga Nuwamba 1883 da kamfanonin jirgin suka raba ƙasar shiyya shiyya suka daidaita lokaci. Wannan ya warware rabin matsalar. Sauran rabin yana aljihun direba. A watan Afrilun 1891 jirage biyu na kamfanin Lake Shore and Michigan Southern suka yi taho-mu-gama a Kipton ta jihar Ohio, mutum takwas suka rasu, kuma labarin da ya yaɗu shi ne agogon ɗaya daga cikin direbobin ya tsaya na minti huɗu sannan ya ci gaba da tafiya, mai shi bai sani ba. Bayan wannan ne aka ɗora wa Webb C. Ball, wani mai shagon kayan ado a birnin Cleveland, aikin sa ido kan agogunan ma'aikatan layin. Akwai kamfanonin da suka riga shi duba agogo, amma tsarin Ball ne ya bazu har ya mamaye dubban mil na layin dogo.

Ka'idojin da suka kafu a shekarun da suka biyo baya, duk mai tara agogo ya haddace su. Fuskar agogo ta kasance a buɗe, ba mai murfin da sai an danna ba. Lambobi su zama baƙaƙe manya a kan farar fuska, yadda za a karanta su da hasken fitila. Kan da ake wanawa ya kasance a saitin ƙarfe 12. Inji ya zama mai lamba 16 ko 18 a ma'aunin girma, da duwatsu aƙalla 17, wato ƙananan yakutu da ake dasawa inda ƙarafa ke juyawa don kada su ci juna. A daidaita shi ya riƙe lokaci a yanayin ajiya biyar, ko a kwance ko a kife ko a tsaye ko ta gefe, cikin zafi da cikin sanyi. Sannan kada ya yi gaba ko baya da fiye da daƙiƙa 30 a mako. Akwai kuma wata ka'ida da ta fi burge ni: ba a iya gyara lokacinsa da jan kan wanawa. Sai an kwance zoben da ke riƙe da gilashi, an zaro wani ɗan ƙaramin ƙarfe da farce, sannan hannayen agogon su motsa. An yi haka ne don kada hannun mutum ya gurɓata lokaci cikin kuskure yana tsakar wanawa.

A nan ne shagon kayan ado ya shigo labarin. Kamfanin jirgi ba ya gyara agogo da kansa. Yakan naɗa wani amintaccen mai shago a kowane babban zango ya zama sufeto. A bangon shagon akwai babban agogo da ake daidaitawa da saƙon lokaci da ke zuwa ta wayar tangaraho daga cibiyoyin nazarin taurari. Direba da kwandasta da sauran ma'aikatan da abin ya shafa kowa na da kati. A layuka da yawa duk mako biyu mutum zai kai agogonsa a gwada shi da na bango, sufeto ya rubuta daƙiƙa nawa ya yi gaba ko baya, ya sa hannu. Lokaci lokaci a kwance agogon gaba ɗaya a wanke a sa mai, a ba mai shi na aro ya riƙe kafin nasa ya fito. Ma'aikaci da kuɗinsa yake sayen agogon, sau da yawa a wannan shagon, ana cira daga albashinsa kaɗan kaɗan. Kafin jirgi ya tashi kuma, direba da kwandasta sukan tsaya su haɗa agogunansu su ga sun yi daidai. Saboda haka mai farautar agogo da ya shiga tsohon shago ya san inda ya dosa: can ne aka sayar da kayan, can aka yi ta jinyarsu shekara da shekaru, kuma can iyalai ke mayar da su idan mai su ya kwanta dama.

Shiga shagon ma da ladabinsa. Gogagge ba ya faɗawa da tambayar farashi. Yakan gaisa, ya yi hira, ya tambayi tun yaushe gidan ke wannan sana'a, ko kakan mai shago ya taɓa yi wa reluwe aikin sufeto. Sau da yawa abin da ake nema ba ya cikin gilashin nuni, yana cikin wani akwati a baya, kuma ba a fito da shi sai ga wanda aka ga ya san darajarsa. Idan an miƙo masa agogo, a kan shimfiɗar tebur yake riƙe shi, ba a tsaye a kan daɓe ba, domin faɗuwa ɗaya na iya karya siririn ƙarfen da ke tsakiyar zuciyar injin. Ba ya buɗe bayansa sai ya nemi izini, kuma abin kunya ne a cikinsu a ga mutum ya sa wuƙa yana ɓanɓarar murfin da murɗewa ake yi. Ba ya taɓa inji da yatsa, don gumin hannu na barin tabo. In zai gwada shi, ya ɗan wana kaɗan, ya kara a kunne, ya juya shi ta fuskoki dabam dabam yana sauraron ko bugun ya sauya. Ba ya barin sa ya yi ta aiki, saboda man da aka sa shekaru hamsin da suka wuce ya bushe, kuma injin da ke gudu a bushe kansa yake ci.

Daga nan sai ya ciro ɗan gilashin da ake maƙalawa a ido. Abu na farko da yake karantawa shi ne lambar da ke jikin inji, ba wadda ke jikin gidan agogon ba. Dalili kuwa a wancan zamani masana'anta ɗaya ke ƙera inji, wata dabam ta ƙera gida, mai saye ya zaɓi kowanne, mai shago ya haɗa masa. Da lambar inji ake duba kundin masana'anta a san shekarar da aka yi shi da ajinsa da ko ya cika sharuɗan reluwe. Sunayen da ake nema sanannu ne. Hamilton ta garin Lancaster, wadda aka kafa a 1892, da samfurinta 992 da 950 da kuma 992B da aka riƙa ƙerawa daga 1940 zuwa 1969. Illinois ta Springfield da Bunn Special, wanda akwai irinsa da ke aiki awa 60 da wanawa ɗaya. Waltham ta Massachusetts da Vanguard da Crescent Street. Elgin da B.W. Raymond. Agogunan da ke ɗauke da sunan Ball kuwa ba shi ya ƙera su ba. Hamilton da Waltham da wasu ne suka yi masa bisa sharuɗansa, shi ya sa masana ke jin daɗin gano wace masana'anta ce a ƙarƙashin sunan.

Wanda ya fara leƙa cikin irin wannan agogo yakan yi mamaki. Farantan injin an yi musu zane mai walƙiya, igiya igiya ko zobe zobe, duwatsun suna zaune cikin ƙawanyar zinariya, rubutun an cike shi da ruwan gwal. Duk wannan ado a wurin da mai agogon ba ya gani, sai mai gyara. Ina ganin babu abin da ya fi wannan nuna irin mutuncin da maƙeran suka ba aikinsu. A cikin murfin baya kuma akwai wani rubutun da masu tarawa suka fi ƙauna: ƙananan lambobi da haruffa da masu gyara suka karce da tsinin allura, kowane ɗaya shaidar wanki ko gyara guda. Agogon da ke da layi goma sha na irin wannan karce, an san ya yi aiki a hannun mutumin da bai yi sakaci da shi ba. Baƙo zai ce lahani ne. Su kuwa a wurinsu kamar tsagar gado ce a fuska, ita ke faɗin inda abu ya fito.

Fuskar agogo ma fanni ce mai zaman kanta. Da narkakken gilashi ake dalaye ta a kan tagulla, shi ya sa ba ta dusashewa, amma tana yin siririyar tsaga in ta sha bugu, kuma tsaga ɗaya na rage kuɗi. Akwai fuskar da ake kira Montgomery, sunan wani sufeton agogo na kamfanin Santa Fe, wadda aka rubuta wa kowane minti lambarsa daga 1 zuwa 60 a gefe. Akwai ta Kanada mai ɗauke da awa 13 zuwa 24 a zobe na ciki. Wasu agogunan suna da ƙaramin hannu da ke nuna yadda wanawar ke raguwa, kuma waɗannan suna da tsada. Kowa da abin da ya sa gaba: wani Bunn Special kaɗai yake bi, wani yana son ya haɗa duk samfuran Hamilton, wani kuma ba ya sayen agogo sai mai sunan shagon garinsu a fuska.

Inda ake ciniki ba a rasa algus. Tun a zamanin da abin ke tashe an shigo da agoguna masu araha daga Suwizalan da aka yi wa sunaye masu kama da na Amurka, aka zana musu kan jirgi a fuska ko a murfi. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne hoton jirgi ba ya mai da agogo na reluwe, hasali ma na ainihin ba su cika ɗaukar hoto ba. Sannan akwai agogon haɗe-haɗe, inji daga nan, fuska daga can, hannaye daga wani wuri. Sauya gida ba laifi ba ne a kansa, tunda ma'aikatan da kansu sukan sauya in na farko ya cinye. Laifin shi ne ɓoyewa. Mai sayarwa na kirki yakan faɗi abin da aka sauya tun kafin a tambaye shi, kuma wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya, labarinsa ya riga shi zuwa kasuwa ta gaba.

Kasuwar kuwa tana da gida. Ƙungiyar masu tara agogo ta ƙasa, NAWCC, wadda aka kafa a 1943, tana da hedikwata da gidan tarihi a garin Columbia na jihar Pennsylvania, ba nisa da Lancaster inda Hamilton ta yi zamaninta. Rassanta na shirya taruka a manyan zauruka, a jera tebura, kowa ya baje kolinsa. Ana saye, ana musaya, amma rabin ranar a muhawara take tafiya: wane layi ne ya amince da wane samfuri a wace shekara, ko wannan hannun agogo na asali ne. Tsofaffi kan zaunar da matasa su nuna musu yadda ake riƙe ɗan hantsaki. Da yawa ba sa kulle kayansu a akwati. Sukan wana agogo kowace safiya a lokaci ɗaya kamar yadda ma'aikatan suka saba, su rataya shi da sarƙa a aljihun falmaran ko da igiyar fata a ƙaramin aljihun wandon jins, wanda dama don agogo aka ɗinka shi. Wasu har kati suke buɗewa, suna rubuta daƙiƙoƙin da ya ɓata a mako, su ga ko har yanzu zai ci jarrabawar sufeto. Wanda aka yi wa wanki mai kyau sau da yawa yana ci.

Abin da ke ci wa mutanen nan tuwo a ƙwarya shi ne tukunyar narka zinariya. Duk lokacin da farashin gwal ya tashi, kamar yadda ya yi a 1980, dillalai kan sayi tsofaffin agoguna don gidajensu kawai, su narke gidan su watsar da inji. Yawancin agogunan ma'aikata sun tsira ne saboda gidajensu ba gwal zalla ba ne, tagulla ce aka lulluɓe da shi, wasu ma farin ƙarfe ne. Duk da haka an yi asarar da ba za ta dawo ba, domin masana'antun sun tafi: an sayar da kayan aikin masana'antar agogo ta Hampden ga Tarayyar Sobiyet a 1930, Waltham ta daina ƙera agogo a 1957, Hamilton ta rufe aikinta na Lancaster a 1969, a daidai lokacin da kamfanonin jirgi suka riga suka amince da agogon hannu. Su ma shagunan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya idan magada suka zaɓi wata sana'a, masu gyaran da suka iya aikin kuma suna tsufa. Don haka ne masu tarawa ke roƙon duk iyalin da suka tsinci agogon kakansu a aljihun tebur da kada su goge karcen da ke cikin murfi, kada su raba inji da gidansa, kuma in katin sufeto yana nan a ajiye su tare, a kai wa mai gyara ya wanke shi kafin a wana.