Sankarar Ƙwan Mace: Mai Ciwo A Faskari, Ƙwararru A Shika

A ƙauyukan Kankara, Faskari da Sabuwa, mace mai kumburin ciki da saurin ƙoshi kan ɗauka gyambon ciki ne. A haka sankarar ƙwan mace ke ɓuya har ta bazu.

Likitoci kan auna furotin CA-125 a jini, wanda aka gano a 1981, domin ganin ko magani na ci. Wani binciken 2003 kuma ya nuna matan da ƙwayoyin garkuwar jiki suka kutsa ƙarinsu sun fi daɗewa a raye.

Sai dai ƙwararrun suna asibitocin koyarwa na Shika da Katsina. Fargabar 'yan bindiga da tsadar mota kan sa a jinkirta tafiya, ciwon kuwa ba ya jira.