Gyadar Kasuwarmu Ce Ke Tona Asirin Tsutsar Da Ke Shanye Jinin Tumaki

Daga wakilinmu a Garwa

A ƙarshen daminar bara na sayi raguna biyu a kasuwar Lahadi ta Pitoa, da niyyar in turke su in sami ɗan abin rufin asiri. Ba a yi wata guda ba ɗaya ya fara kasala, haɓarsa ta kumbura kamar an ɗura ruwa. Na je wurin wani mai tebur a bakin kasuwa, ya ba ni ƙwaya, ya ce rabi ma ya isa. Na ba shi rabin, bayan mako guda na ƙara wani rabin. Ranar da muka yanka shi don kada ya mutu mushe, naman fari fat, jinin kuwa kamar ruwan wankin nama. Mahaucin ya tsaga ɓangaren ƙarshe na tumbin, ya nuna mani wasu tsutsotsi sirara kamar zare, birjik.

Da na ba da wannan labari a shirinmu na rediyo, masu sauraro da dama suka bugo waya, kowa da irin tasa asarar. Wannan ya sa na bi sawun maganar, har ta kai ni inda ban zata ba, wato ga gyadar nan da muke aunawa a tiya.

Ɓarawon da ba ya ƙara

Masana suna kiran wannan tsutsa Haemonchus contortus. Tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Tana maƙale wa bangon tumbin tunkiya ko akuya tana tsotsar jini. An ƙiyasta tsutsa 1,000 kan zuƙe kusan mililita 50 a rana, wato cokalin shayi goma. Macen kuma tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 kullum, su fita da kashin dabba, su ƙyanƙyashe cikin ciyawa mai laima, wata dabbar ta sake haɗiye su. Shi ya sa ɓarnarta ta fi yawa da damina da kuma a fadamun bakin Binuwai. Sau da yawa dabbar ba ta ko zawo, sai dai ta yi ta yin sanyi har ta faɗi.

Matsalar likitan dabbobi ita ce, in ya sa kashi a madubin likita, ƙwan wannan tsutsa da na wasu danginta marasa tsananin ɓarna duk kamarsu ɗaya. Tsohuwar hanya ita ce a ajiye kashin mako guda ko fiye, har ƙwai su ƙyanƙyashe, sannan gwani ya zauna yana tantance 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. To, ɗan kasuwar da ya loda tumaki zai ƙetara da su Mubi, ina ya ga mako guda na jira? A nan ne gyada ta shigo.

Me ke cikin gyada?

Jikin mutum da na dabba da na tsiro an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da wani lulluɓi na sinadarai dangin sukari a bayanta, kuma tsarin sukarin ya bambanta daga wannan iri zuwa wancan, kamar yadda kowane fatake ke da tambarin da yake bugawa a buhunansa. A cikin 'ya'yan tsirrai da yawa, musamman dangin wake da gyada, akwai wani furotin da ake kira lektin. Aikinsa shi ne ya gane tambari guda ya manne masa, ya bar sauran.

An fara gano irinsa a 1888, lokacin da wani ɗalibi mai suna Peter Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat da ke ƙasar Estoniya ta yau, ya ga cewa wani sinadari daga 'ya'yan zurma yana dunƙule ƙwayoyin jini wuri guda. Daga baya aka lura wasu tsirran suna zaɓen rukunin jinin da za su dunƙule. A 1954 wani masani ɗan Amurka, William Boyd, ya raɗa musu suna lektin, daga kalmar Latin mai ma'anar zaɓa. Na gyada kuwa, a 1975 aka tace shi tsantsa a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila, a ɗakin binciken Nathan Sharon.

Sai dai lektin ba shi da launi. Ko ya manne, ba mai ganinsa. Don haka ake ɗaura masa wani rini mai ƙyalli. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan canji ya ga fitilar nan da suke haska takardar kuɗi, wasu zane-zane da ba a gani da rana su fito suna walƙiya. Dabarar ke nan. Rinin da aka fi sani shi ne fuloresin, wanda Bajamushe Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1871. In aka haska shi da shuɗin haske, sai ya mayar da kore shar.

Ga yadda aikin yake: a zuba lektin mai rini a kan abin da ake son dubawa, a jira ya kama, a wanke wanda bai kama ba, a sa a madubi mai fitila ta musamman. Inda tambarin yake ya yi haske, inda babu ya zauna cikin duhu.

Daga ɗakin bincike zuwa garke

Masu binciken ƙwayoyin halitta a duniya suna amfani da wannan hanya kullum. Da lektin ɗin alkama suke fito da iyakar kowace ƙwaya, su ga girmanta da siffarta. Da na wani tsiro mai yaɗo da ake kira Griffonia, wanda ke fitowa a dazukan Gana da Togo da Kwaddibuwa, suke bin sawun ƙananan jijiyoyin jini a jikin ɓerayen gwaji. Na gyada kuma ana duba maniyyin bijimi da na rago da shi, a ga ko hular da ke kan ƙwayar maniyyin lafiya take ko ta fashe, kafin a yi amfani da shi wajen inganta iri.

A 1996 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Palmer da McCombe, suka nuna cewa lektin ɗin gyada yana kama ɓawon ƙwan Haemonchus, yana ƙyale na danginta. A 2010 masana daga jami'o'in Oregon da Jojiya a Amurka suka sauƙaƙa hanyar. Yanzu maimakon jiran mako, a yini guda ana iya sanin cikin ƙwai 100 nawa ne na mai shan jini: su ne ke fitowa da koren zobe.

Irin wannan madubi ba baƙo ba ne a Afirka. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa duba majinar masu tarin fuka da madubi mai ƙyalli, kuma da rini mai ƙyalli ake tabbatar da ciwon haukan kare a ƙwaƙwalwar dabba. Nan kusa da mu, a Bokle, akwai LANAVET, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasar Kamaru, wanda aka kafa a 1983, yana yin alluran rigakafi yana kuma binciken cututtuka. Ke nan ƙwararrun da za a kai wa tambaya ba su yi mana nisa ba.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Kada wani ya ji wannan ya ce zai ɗura wa rago gyada ko ƙuli-ƙuli don maganin tsutsa. Lektin fitila ce ta bincike, ba magani ba.

Darasin shi ne, ba kowace tsutsa ce ɗaya ba, kuma ba da magani a makance yana da tsada. Kumburin haɓa yana iya zuwa daga tsutsar hanta, wadda maganinta daban ne. Rabin ƙwaya kuwa, irin wanda na ba ragona, raunanan tsutsotsi kawai yake kashewa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Ta haka a Afirka ta Kudu da Ostareliya da Barazil aka wayi gari magunguna irin su albendazol da ibamektin sun daina aiki a garake da yawa. Dabbar da aka saya a Adumri yau, jibi tana Yola. Duk tsutsar da ta saba da magani, da ita za ta ƙetare iyaka, ba jami'in kwastan da zai tare ta.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar madubi. A Afirka ta Kudu aka fito da shi a shekarun 1990, ana ce masa FAMACHA, daga sunan likitan dabbobi Faffa Malan. A ja fatar idon dabba ta ƙasa cikin hasken rana a dubi cikinta. Ja alamar jini ya isa, fari-fari alamar ana shanye shi. Katinsu yana da mataki 5, daga ja zuwa fari, kuma waɗanda suka koɗe ake yi wa magani, ba garke duka ba.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka ce sallama, bayan ka duba haƙora ka taɓa gadon baya, ka buɗe ido ka gani. Sabuwar dabba a ware ta 'yan kwanaki kafin a haɗa ta da na gida. Magani a karɓa wurin likitan dabbobi, a ba da shi cikakke daidai nauyin dabba. In mace-mace ta yi yawa, ƙungiyar dillalai ta haɗa kuɗi a kai kashi a auna.

Ragona na biyu yana nan. Idonsa nake fara dubawa kowace Juma'a da safe, kafin in zuba masa harawa.