Bororon Fenti: Laifin Gwangwani Ko na Bango?

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba, ka bi shagunan bakin kasuwar Dakoro ka dubi gindin bango. Daga ƙasa zuwa gwiwar mutum za ka ga fenti ya yi bororo, wani ya fashe, farin gari na zuba. Mai shago zai rantse maka jabu aka sayar masa. Wani sa'in da gaskiyarsa, don akwai masu tsinka fenti har ya koma tsululu. Amma yayana, wanda shafa fenti ce sana'arsa tun ina yaro, ba ya tambayar sunan gwangwani. Ƙusa yake samu ya huda bororon, ya ce, "Alhaji, bari mu ga abin da ke ciki tukuna."

In ruwa ya tsatso, ko ya ji danshi a bayan ɓawon, to bangon ne ke shan ruwa. Bulo da yaɓen siminti cike suke da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan suke zuƙo ruwa daga ƙasa, ko daga rufin da indararonsa ya toshe, ko daga makewayin da ke manne da ɗaki. Ruwan kuma ba shi kaɗai ke tafe ba, yana ɗauke da gishirin ƙasa da na siminti. Rana na bugun bango, sai ruwan ya nemi mafita, ya tarar fenti ya tare hanya, ya ɗaga shi. Gishirin ya bushe a ƙarƙashi, shi ne garin nan da ke kama yatsa.

Ni dai a ganina gaggawa ta fi ruwan sama ɓarna. Sallah ta ƙarato, ko an sa ranar kawo amarya, magini ya gama yaɓe ranar Laraba, mai gida na son fenti kafin Juma'a. Alhali sabon siminti na buƙatar kwana 28 kafin ya yi ƙwarin da ake so, kuma har lokacin yana iya riƙe danshi a ciki. Ga shi da kaifi. Duk matar da ta taɓa dafa sabulun salo ta san abin da ruwan toka ke yi wa mai. Haka ɗanyen siminti ke yi wa fentin mai, ya mayar da ƙasansa sabulu, ya yi laushi ya saki bango. Nan ko simintin Malbaza ne ko na ƙetaren iyaka, duk ɗaya.

In kuwa bororon busasshe ne, a tuhumi rana. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a garin nan, ƙofar ƙarfe kuwa ba ta taɓuwa da tsakar rana. In aka shafa mata fenti a haka, saman zai yi fata nan take, fetur ɗin da aka tsinka shi da shi ya maƙale a ciki yana neman hanya. Da hunturu ƙura ce matsalar: fentin kan ƙura ya zauna, bai taɓa bango ba. Tsatsar da ba a goge ba ita ma ci gaba take da kumbura a ƙarƙashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gidan ƙasa da aka lulluɓe da siminti da fentin mai don ado. Maginan dā a Kano da Damagaram makuba da laso da farar ƙasa suke shafawa, waɗanda ke barin gini ya fitar da danshinsa. Wanda aka toshe kuwa jiƙa yake ta ciki, waje yana ƙyalli. Bayan irin ruwan da jihar Maraɗi ta gani a daminar 2024, bororo a irin wannan bango ya wuce maganar kwalliya, a kira magini ya ƙwanƙwasa ya ji.

Gyaran ba shi da wuyar faɗi, haƙurin ne da wuya. A fara tare ruwan daga inda yake shiga, a kankare har a kai inda fenti ya kama gam, a bar wurin ya sha iska makonni. Bangon siminti a ba shi fentin ruwa, na mai a bar wa ƙarfe da katako. A shafa da safe, a ɓangaren inuwa, shafi biyu marasa kauri. Yayana ya fi son Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya tafi, ƙura ba ta iso ba.