Kafin Ku Sayi Kan Amfilifaya, Ku Leƙa Bayan Akwatin Sifika

A zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi har zuwa Kumasi da Tamale, ba a rasa samarin da suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar kiɗa, suna buga hailaif da rege a wajen biki da suna. Kayan kiɗan kuwa da karo-karo ake sayensu, wani lokaci sai an yi shekara ana tari. Abin takaici shi ne, sau da yawa amfilifayar jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ba ta kai wa wata uku sai ta ƙone, kuɗin jama'a su bi ruwa. Daga nan sai a tsine wa mai kanti, alhali kuwa galibi kayan lafiyarsu ƙalau, haɗin ne bai dace ba.

Kayan mai jitar bes kashi biyu ne. Akwai amfilifayar kanta, wadda makaɗa ke kira "kai" domin a bisa ake ɗora ta, sannan akwai akwatin sifika da ke fitar da sauti. Yawancin ƙungiyoyinmu sun riga sun mallaki akwati, ko na gado ko wanda kafinta ya haɗa, kai ne suke nema. To, akwatin shi zai zaɓa muku kai, ba kyan fenti ko sunan kamfani ba. Abubuwa uku za ku duba, kuma a jere.

Na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne om. A bayan akwati za ku ga an rubuta 8 ko 4, da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. Mu ɗauki misalin injin ban ruwa: idan bututu ɗaya aka buɗe masa, yana aiki cikin natsuwa, idan kuwa aka buɗe huɗu, sai ya yi ta haki har ya yi zafi. Haka kai yake. Duk lokacin da lambar om ta ragu, wutar da ake ja daga gare shi ƙaruwa take yi.

Ga lissafin, ba shi da wuya ko ga ɗan firamare. Idan kuka jona akwati biyu a bayan kai ɗaya, lambar raguwa take yi, ba ƙaruwa ba. Akwati biyu masu om 8 sun zama 4. Biyu masu om 4 sun zama 2. Mai 8 da mai 4 sun zama kusan 2.7, kuma mai 4 ɗin zai sha ninkin wutar da ɗan'uwansa ke sha. Shi kuma kai, an rubuta a kusa da ramin wayarsa mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka, galibi 4, kaɗan ne ke jure 2. Ke nan wanda ya jona akwati biyu masu om 4 a kan da iyakarsa 4 ne, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. In an yi sa'a kan ya kashe kansa idan ya yi zafi, in ba a yi ba sai hayaƙi. Idan rubutun akwatin ya goge, ku kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mitarsa. Mai om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3.

A nan sai an bambanta iri biyu. Kai mai taransisto, wanda shi ya fi yawa a hannunmu, ba ya damuwa idan om ɗin akwati ya fi iyakarsa, ƙarfinsa ne kawai zai ragu. Amma mai bawul, wato kwalaben nan masu ɗaukar zafi irin na tsohuwar rediyo, dole lambarsa da ta akwati su zo daidai, kuma ba a kunna shi sam ba tare da sifika a jone ba, domin taransifomar cikinsa na iya ƙonewa. Shahararren wannan iri shi ne Ampeg SVT da ya fito a 1969 da ƙarfin wat 300, nauyinsa ya haura kilo 35. Na zamani marasa bawul kuwa akwai wanda bai kai kilo 3 ba, ya kuma fi shi wat.

Na biyu shi ne wat. Ku nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ta gaskiya. Waccan babbar ta PMPO da ake mannawa a kwali ta talla ce kawai. Ku kuma lura wat ɗin kai yana tafiya ne da om: wanda ke ba da 500 a om 4, wajen 300 zai bayar a om 8. Abin da ake so shi ne ƙarfin kai ya yi kusa da abin da akwatin zai iya ɗauka. Bes yana cin wuta fiye da jita ta gama-gari, domin tsirkiyarsa mafi kauri sau 41 kacal take karkarwa a daƙiƙa guda, sifikar kuwa sai ta tura iska mai yawa kafin a ji ta. Amma kada yawan wat ya ruɗe ku. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji, sai an ninka kusan sau goma sannan a ji ƙara ta ninku. A filin biki, ƙara akwati na biyu irin na farko ya fi sayen ƙaton kai amfani. Idan kuma kuka ji sifika ta fara ɓarɓarwa kamar an yaga ƙyalle, kuka take yi, ku rage sauti nan take.

Na uku shi ne wutar gari. Tamu a nan Gana bolt 230 ce, daidai da ta Ingila, amma ta Amurka 120 ce, ta Japan kuma 100. Kan da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, idan aka cusa shi a soket kai tsaye, ya gama yawo tun bai yi kiɗa ko ɗaya ba. Ku duba ko yana da makunnin sauya wuta a baya. In babu, kuma ba a rubuta yana karɓar 230 ba, sai an saya masa taransifomar rage wuta wadda ta fi ƙarfin abin da yake ja.

Saura waya. Wadda ke tashi daga jita zuwa kai siririya ce a ciki, ba ta ɗaukar wutar sifika, ko da kuwa bakinsu iri ɗaya ne. Ku sayi ta sifika mai kauri, gajeriya. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙura daga ramukan iskar kai, kada a jingina shi da bango.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiyoyi ita ce, ranar ciniki ku rubuta lambobin akwatinku a takarda ku tafi da ita. In da hali ma ku ɗauki akwatin da jitar a mota, a gwada a gaban mai kanti har kan ya ɗauki ɗumi, kafin ma'aji ya ƙirga ko sidi ɗaya. Kuɗin motar ba su kai na gyara ba.