Akun Dutse da Shinkafar Ɓera a Niyuzilan

Kafin ɗan Adam ya sa ƙafa a tsibiran Niyuzilan babu wata dabba mai shayarwa a bisa tudun ƙasar in ban da jemage, shi ya sa tsuntsayenta suka tashi ba su san sharrin ɓera ba, har wasu suke sheƙa a ƙasa, wasu ma suka bar tashi ɗungurungum. Da jiragen ruwa suka shigo da ɓeraye, suka dinga shanye ƙwai suna cinye 'yan tsaki, sai lalura ta sa hukumar kula da namun dajin ƙasar take watsa wata guba mai suna 1080 daga jirgi mai saukar ungulu, an cuɗa ta da garin hatsi an dunƙula ƙanana-ƙanana, wato dai shinkafar ɓera ce ta daji guda.

To, amma a duwatsun tsibirin kudu akwai wani aku da ake kira kiya, wanda Allah Ya hore wa basira da karambani, ba ya ganin baƙon abu ya ƙyale sai ya sa baki, kai har robar gilashin mota yakan ɓamɓare. Kuma duk da cewa ana rina dunƙulen kore, ana zuba musu man kirfa, don tsuntsaye su ƙyamace su, an sha tarar da gawarsa bayan an yi watsin, alhali yawan jinsinsa bai wuce 'yan dubbai ba.

Don kare akun, masana suka jarraba zuba sinadari biyu a cikin dunƙulen. Na farko, fulegon, daga wani nau'in na'a-na'a ake samunsa, ƙamshinsa ne yake korar tsuntsu, sai dai yakan tashi ya bi iska tun dunƙulen suna ajiye. Na biyu, antarakwinon, ba ya hana ci da farko, illa iyaka tsuntsun da ya ci sai cikinsa ya murɗa, gobe in ya ga irin abincin ya kau da kai. Matsalar ita ce, gwargwadon da zai ishi aku ya yi hankali, shi ma ɓera yakan fara ja da baya, kuma gubar da ɓera ya ƙi ci asarar dukiya ce kawai.

Dabarar da ta fi kama hankalina ita ce ta tarbiyya: a fara bai wa akun dunƙulen da babu guba cikinsu, masu kama da na ainihi a launi da ƙamshi, amma an cika su da antarakwinon, domin ya ɗanɗana kuɗarsa tun kafin ranar watsi, su kuwa na ɓera a bar su yadda yake so. An kuma lura cewa akun da ya saba da karɓar guntun burodi a hannun masu yawon buɗe ido ya fi na can ƙuryar daji saurin cin dunƙulen, abin da ya sa ake kafa alluna a wurare irin su mashigin Arthur ana roƙon matafiya kada su ba shi komai.